Likita Ya Amsa: Fita Daji Neman Naman Kaza Tare da Yara

Tambaya: Likita, muna zaune a Suwidin. Maƙwabtanmu kan kwashi yara su shiga daji tsintar wani naman kaza rawaya da ake kira shantarel. Yarana sun matsa mu ma mu je. Babu haɗari? Wata uwa daga Upsala.

Amsa: Hajiya, ku je, amma fitar farko kada ku je ku kaɗai. Ki roƙi wanda ya shekara da shekaru yana wannan tsinta ya raka ku, kuma ku tsaya kan shantarel kawai, komai kyan sauran. Yana fitowa daga Yuli zuwa wajen Oktoba, a ƙasa kusa da gindin itatuwa, domin da saiwarsu yake rayuwa. Shi ya sa ba a noma shi, kuma yake tsada. Launinsa na gwaiduwar ƙwai ne, siffarsa kamar mazurari, yana da ƙamshi irin na 'ya'yan itace. Alamar da ta fi muhimmanci tana ƙarƙashin hularsa: za ki ga kunyoyi masu kauri, kamar na gona, suna rarrabuwa suna gangarowa jikin kara, kuma ba sa ɓamɓaruwa da farce. In kika ga sirara ne jere kamar shafukan littafi, ki bar shi a inda yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a ƙasashen arewacin Turai shi ne wani mai launin ƙasa-ƙasa, Cortinarius rubellus, wanda ke tsirowa a tsakiyar ɗan uwan shantarel na lokacin kaka. Gubarsa ƙoda take ci, kuma takan yi kwana biyu har zuwa mako biyu ko uku kafin ta nuna kanta. Wasu sun ƙare a wankin ƙoda har ƙarshen rayuwa. Don haka kowane ƙwaya ɗaya sai babba ya duba shi kafin ya shiga tukunya. Yara su nemo su nuna, kada su kai komai baki. Ku sa dogon wando, in kun dawo ki duba jikinsu saboda kaska, wadda ke yaɗa cutar Lyme a can.

Tambaya: Akwai manhajar waya da ke gane naman kaza daga hoto. Ba ta wadatar ba? Wani ɗalibi daga Jamus.

Amsa: A'a, ɗana. Hoto ba ya nuna ƙamshi ko cikin nama, kuma manhaja na kuskure. Jamus tana da ƙwararrun masu tantancewa a garuruwa da dama, ka kai musu kwandonka. Haka nan kada ka ce ai ya yi kama da wanda kuke ci a gida. Wannan zaton ne ya kwantar da 'yan gudun hijirar Siriya da dama a asibitocin Jamus a 2015, kuma a 2021 wasu yara biyu 'yan Afganistan, wa da ƙane, suka rasu a Foland. Duka Amanita phalloides suka ci, wani naman kaza mai gubar da ke lalata hanta.

Tambaya: Da damina naman kaza na fitowa a bakin suri a gonarmu. Kakata ta ce wanda ƙwari suka ci ba ya kisa, kuma tafasawa na kashe guba. Daga Kafancan.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa kaka lafiya, amma nan ban yarda ba. Wanda ke fitowa a suri sananne ne, ana cin sa a ƙasashen Afirka da yawa, sai dai akwai wani fari mai faɗin hula da ke fitowa cikin ciyawa, wanda ƙarƙashinsa ke komawa kore-kore in ya tsufa, yana sa amai da gudawa mai tsanani. Abin da bai kashe ƙwaro ba yana iya kashe mutum. Gubar da ke lalata hanta kuma ba ta jin wuta, ba ta jin shanya.

Tambaya: In mutum ya ci sai ciki ya murɗa, me za a yi? Mu mun saba ba da manja ko madara.

Amsa: 'Yar uwa, manja da madara ba sa karya wannan guba, lokaci kawai suke cinyewa. Asibiti za a nufa nan take, a tafi da ragowar abincin ko ɓawon da aka yanke, a kuma faɗi ƙarfe nawa aka ci. Duk wanda ya ci daga tukunyar a tafi da shi, ko da yana wasa. A Turai a kira lambar gaggawa, 112.

Ki riƙe wannan da kyau: aman da ya jinkirta awa 6 zuwa 24 bayan ci ya fi na nan take muni. Mai cutar kan ji sauƙi a rana ta biyu, iyali su ce ya warke, alhali hantarsa na mutuwa. Zuwa rana ta uku ko ta huɗu idanu sun yi rawaya, wani sai dashen hanta. Ko da aman ya tsaya, kada a koma gida sai an auna jinin hanta an maimaita.