Gwaji ko awo? Amsar tambayoyinku kan kalmomin gwajin korona

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi uku na zaɓo a wannan karon, dukkansu a kan gwajin korona ne, toh bari mu fara.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce: Malam, a rediyo sai in ji wasu sun ce gwajin korona, wasu kuma awon korona, wanne ne daidai?

'Yar'uwa duka biyun Hausa ce, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Awo daga auna ya fito, shi kuma auna neman sanin yawa ko nauyi ko tsawon abu ne, shi ya sa muke cewa awon hatsi, awon ciki da mata ke zuwa asibiti, ko a auna zafin jiki. Gwaji kuwa daga gwada yake, kuma gwada tana da faɗi, tela zai gwada ka, ɗalibi zai gwada sa'arsa, sannan ku a can da mutanen Sakkwato kuna cewa gwada mini hanya, wato nuna mini. Toh abin da ake yi da tsinken audugar nan da ake zurawa a hanci tambaya ɗaya ce, akwai ƙwayar cutar ko ba a ganta ba, saboda haka ni gwaji na fi so. Na'urar da aka riƙa ɗora wa mutane a goshi a ƙofar banki da filin jirgi a 2020 kuwa awo take yi, zafin jiki kawai take aunawa, ba ta san korona ba ba ta san maleriya ba, kuma mutum zai iya ɗauke da cutar jikinsa ba zafi ko kaɗan.

Wani bawan Allah daga Kano ya ce: an yi wa yayana gwajin gaggawa aka ce nagatib, bayan kwana biyu aka yi masa PCR aka ce fozitib. Shin gwajin ƙarya yake yi? Kuma ya za mu faɗi waɗannan kalmomi da Hausa?

Ɗan'uwa wannan tambayar taka ita ta fi damuna, don wallahi fassarar da aka yi wa kalmar nagatib ta cutar da mutane. Da yawa sun riƙa cewa ba shi da ita, alhali abin da takardar ke cewa shi ne ba a ganta ba, kuma Bahaushe ya san bambancin babu da ban gani ba. Ba a ga ƙwayar ba a ɗan abin da aka lakato daga hancinsa a wannan ranar, iyakarta kenan.

Gwajin iri biyu ne. Na gaggawa, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin minti 15 zuwa 30, wani sinadari na jikin ƙwayar yake nema, kuma sai ta yi yawa a hanci yake iya kama ta, shi ya sa ya fi aiki a kwana biyar zuwa bakwai na farkon alamu. In an yi shi da wuri kafin ƙwayar ta yaɗu, ko tsinken bai shiga yadda ya kamata ba, sai ya kuskure ta. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idar da ta sa a 2020 ita ce ya iya gano aƙalla mutum 80 cikin 100 masu cutar, kuma ya wanke aƙalla 97 cikin 100 marasa ita, ka ga kenan tun farko an san zai iya tsallake wasu, amma in ya ce akwai to da wuya a ce babu. Shi ya sa ake ba da shawarar a maimaita bayan kwana biyu in dai alamu suna nan.

PCR kuwa a ɗakin gwaje-gwaje ake yinsa, ana ɗaukar ƙwayar halittar bairos ɗin a yi ta ninka ta har sai na'ura ta gani, don haka ko 'yar kaɗan ce yana kamawa. Sai dai shi ma da tasa matsalar, yakan ce fozitib makonni bayan mutum ya warke, wani lokacin har wata uku, kamar wanda ya ga toka ya ce an hura wuta a nan, gaskiya ya faɗa amma wutar ta mutu. Toh yayanka ba ƙarya aka yi masa ba, ƙarya sai da niyya, wannan kuskure ne ko gazawa. Fozitib mu ce an same shi da ita, nagatib mu ce ba a ganta ba, dan Allah 'yan jarida ku riƙe wannan.

Ta ƙarshe daga wani matashi a Zariya: babanmu in aka ce ya je gwaji sai ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Karin maganar ta dace a nan?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Karin maganar gaskiya ce, ma'anarta wanda ya goge da abu yakan ƙiyasta shi ko bai auna ba, amma ka lura kima aka ce, wato ƙiyasi, kuma tun a farkon zancen an yarda ido ba mudu ba ne. Tana aiki a kan abin da ido ke gani. Zazzaɓi da tari da ciwon jiki kuwa da ake gani a korona, mura ma tana kawo su, maleriya ma tana kawo zazzaɓi da ciwon jikin, wanda ya dace a nan shi ne kama da wane ba wane ba ne.

Mu tuna abin da ya faru a Kano. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a jihar ranar 11 ga Afrilu 2020, a cikin watan kuma aka yi ta rasa dattawa, malamai da masu sarauta da 'yan kasuwa, mafi yawansu an binne su ba a yi musu gwaji ba, gari ya cika da musu, wannan ya ce azumi da zafi ne wancan ya ce hawan jini ne. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da suka rasu, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana jin korona ce sanadi ko ta taimaka, kuma wannan ɗin ma ta hanyar tambayar iyalai aka samo shi. Har yau akwai gidajen da ba su san me ya ɗauki mahaifinsu ba. Ka lallaɓa Baba cikin ladabi, in tari da zazzaɓi sun kama shi, musamman in numfashi ya fara yi masa wuya, ka kai shi asibiti da kanka a duba shi a yi masa gwajin.