Coiba: Yadda Gidan Yarin Tsakiyar Teku Ya Koma Gandun Daji

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook na wani tsibiri a ƙasar Panama mai suna Coiba, ruwa garai-garai, ga Turawa suna ninƙaya tare da kifaye. Mai bayanin ya ce a da gidan yari ne da ake kai riƙaƙƙun masu laifi. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya wurin azaba zai koma wurin shaƙatawa? Kuma yaya aka yi dajin bai lalace ba duk da mutanen da aka tara a ciki? Ko ana iya zuwa yanzu? Na gode.

Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai bidiyon bai yi maka ƙarya ba. Coiba, wanda ake furtawa Koyiba, ya yi shekara 85 yana gidan yari, daga 1919 zuwa 2004. Tambayarka ta biyu ce ta fi jan hankalina, domin amsarta ce ta warware ta farkon: dajin ya tsira ne saboda gidan yarin. Tsoron wurin ya tsare shi fiye da yadda kowace doka za ta iya.

Tsibirin yana cikin tekun Fasifik, daura da lardin Veraguas a kudu maso yammacin Panama, nisan kilomita ashirin da 'yan kai daga gaɓa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 500, kuma babu tsibirin da ya kai shi girma a duk yankin Amurka ta Tsakiya. Akwai 'yan asalin ƙasa da suka zauna a cikinsa tun da can, amma zuwan Turawan Sifaniya a ƙarni na 16 ya kawo ƙarshensu, aka kwashe su bauta. Daga nan wurin ya zama kusan kufai na tsawon ƙarnoni, in ban da masu nutso neman lu'ulu'u da ke leƙawa.

A 1919, zamanin shugaba Belisario Porras, gwamnati ta mai da shi wurin ɗaure masu manyan laifuka. Dabarar tsohuwa ce, kuma ƙasashe da dama sun yi ta: Faransa ta yi a tsibirin Shaiɗan da ke gaɓar Guyana ta Faransa, Amurka ta yi a Alcatraz, Afirka ta Kudu ta yi a tsibirin Robben inda Mandela ya yi shekara 18. In ka kai fursuna tsibiri, ka huta da gina katanga, teku ta ɗauke maka wannan aikin. A Coiba ma ruwan yana da igiya mai ƙarfi, ga manyan kifayen nan masu kaifin haƙori da ake kira shak, ga kadoji a bakin rafuka, ga macizai a cikin daji. Wanda ya ce zai gudu, ya san da abin da zai yi karo.

Kada ka kawo hoton gidan yari irin wanda ka sani, mai doguwar katanga da ƙofa ɗaya. Coiba ya fi kama da ɗaurin talala. An rarraba fursunoni ne a ƙananan sansanoni wajen talatin a bakin gaɓa, kuma a lokacin da wurin ya fi cika an ƙiyasta yawansu ya kai 3,000. Suna noma, suna kiwon shanu, suna saran itace, abin da suka samar kuma ana ciyar da su da shi, ana aika wani zuwa cikin ƙasa. Akwai labarin da ya shahara a bakin waɗanda suka zauna can da masu yi wa baƙi jagora, cewa a wasu sansanonin in dare ya yi gandirobobi ne ke kulle kansu a ɗaki da bindigoginsu, su bar fursunoni a waje kowa ya yi ta kansa. Ko da an yi wa labarin ƙarin gishiri, ya isa ya nuna maka irin zaman da aka yi: mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, ga yunwa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga rashin asibiti.

Mafi munin zamaninsa ya zo ne bayan juyin mulkin soja na 1968. A ƙarƙashin Janar Omar Torrijos, sannan Janar Manuel Noriega wanda Amurka ta hamɓarar a Disamban 1989, an riƙa tura 'yan adawa Coiba. Wanda aka fi ambato shi ne Floyd Britton, jagoran ɗalibai mai ra'ayin gurguzu, wanda ya mutu a tsibirin a 1969 bayan dukan da aka yi masa. A 2001 shugaba Mireya Moscoso ta kafa hukumar binciken gaskiya, wadda ta tattara bayanan mutum 110 da aka kashe ko aka ɓatar a faɗin ƙasar a zamanin soja. Mutanen Panama suna kiran irin waɗannan da kalmar Sifaniyanci da ke nufin "ɓatattu", wato waɗanda aka tafi da su ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ba gawa ba kabari.

To, yanzu ka duba abin da ke faruwa a ɗaya gefen ruwan a daidai waɗannan shekaru. A cikin ƙarni na 20 aka share mafi yawan dazuzzukan gaɓar Fasifik ta Panama domin kiwon shanu da noma da katako. Wanda ya bi hanya ta lardin Veraguas ko makwabtansa a yau, makiyaya zai yi ta gani inda a da kurmi ne. Coiba kuwa babu ɗan kasuwar da zai kai zarto can, babu manomin da zai je ya kafa ƙauye, babu mai otel da zai sayi fili. Masunta ma nesa-nesa suke bi, don tsoron kada fursunoni su ƙwace musu jirgi, ko jami'an tsaro su zarge su da taimakon mai gudu. Sakamakon haka, da aka zo rufe gidan yarin, kusan kashi 80 cikin 100 na dajin yana nan yadda Allah Ya halicce shi, da bishiyoyin da gatari bai taɓa taɓawa ba.

Sai dai in ja kunnenka a nan, domin masu tallar yawon buɗe ido suna son su gyara labarin ya yi daɗi fiye da yadda yake. Gidan yarin ma ya yi nasa ɓarnar. Ragowar kashi 20 ɗin nan fursunoni ne suka sare shi, da umarnin hukuma. Da aka kwashe mutanen kuma, an bar shanu da ɓauna da dawaki a baya, suka koma na jeji, suka hayayyafa, suna tattake ƙasa suna cinye tsirrai, laka tana gangarowa cikin ruwa tana rufe murjani. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekaru tana matsa wa Panama lamba kan ta fitar da dabbobin nan. Abin da gidan yarin ya yi wa dajin kawai shi ne ya hana babbar ɓarna shigowa, ya yi ƙaramar da kansa.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. An ayyana wurin gandun daji na ƙasa tun 1991, alhali fursunoni suna ciki. Shekara goma sha uku ana tafiya a haka, malaman kimiyya suna ƙirga tsuntsaye a wannan gefe, gandirobobi suna ƙirga mutane a wancan. Ana ta rage yawan fursunonin a hankali har 2004, shekarar da aka kwashe na ƙarshe kuma majalisa ta yi doka ta musamman da ta tabbatar da gandun. A 2005 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Gandun ya haɗa Coiba da wasu ƙananan tsibirai 38 da ruwan da ke kewaye da su, hekta 270,000 da ɗoriya, kuma mafi yawansa ruwa ne.

Me ke ciki da ya sa ake wannan ɗoki? Coiba ya rabu da babbar ƙasa ne fiye da shekara dubu goma da suka wuce, lokacin da teku ta ƙaru bayan narkewar ƙanƙarar duniya. Dabbobin da ruwa ya rutsa da su a can suka ci gaba da rayuwa su kaɗai, har wasu suka sauya kama. Akwai wani biri mai kururuwa da ake kira da sunan tsibirin, akwai wani ƙaramin tsuntsu mai tsinin wutsiya da ba a samunsa sai can, sannan jan aku mai dogon bindi, wanda ya kusa ƙarewa a sauran sassan Panama, yana nan garke-garke. A cikin ruwa an ƙirga nau'in kifi wajen 760 da nau'in shak 33. Daga watan Yuli zuwa Oktoba kuma, manyan dabbobin tekun nan masu shayarwa, waɗanda ake kira wel, suna tasowa daga kudancin duniya su haihu a ruwan ɗumin wurin.

Abin da ya fi burge ni dai birai ne. A wani tsibiri na gandun mai suna Jicarón, masu bincike sun ba da rahoto a 2018 cewa wasu birai masu farar fuska suna ɗaukar dutse su ɗora 'ya'yan itace ko ƙaguwa ko dodon koɗi a kan wani dutsen su fasa, tamkar mace na fasa ƙwallon goriba. Ba a taɓa ganin wannan nau'in biri yana haka a wani wuri ba kafin nan. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne babu damisa ko wani babban mai farauta a tsibirin, don haka biri na iya saukowa ƙasa ya zauna ya yi ta gwaji ba tare da waiwaye ba.

Kada ka ɗauka Coiba ne kaɗai ya bi wannan hanya. Tsibirin Gorgona na Kolambiya gidan yari ne daga wajen 1960 zuwa 1984, sannan ya zama gandun daji. San Lucas na Kosta Rika ya riƙe fursunoni daga 1873 zuwa 1991, aka ayyana shi gandun daji na ƙasa a 2020. Coiba da Gorgona ma suna cikin wani haɗin gwiwar kare teku da aka ƙulla a 2004, tare da tsibiran Galapagos na Ikwado, da Cocos na Kosta Rika, da Malpelo na Kolambiya, saboda shak da kunkurun ruwa suna kai-kawo tsakaninsu ba ruwansu da iyakar ƙasa.

Batun zuwa kuwa, ana zuwa. Yawanci mutum zai taso daga birnin Panama a mota, ya bi ta Santiago da Soná ya sauka wani ƙauyen masunta mai suna Santa Catalina. Daga can ƙaramin jirgin ruwa mai inji zai kai shi cikin awa ɗaya da rabi ko makamancin haka, gwargwadon yanayin teku. Ana biyan kuɗin shiga ga ma'aikatar muhalli, kuma tare da ɗan jagora mai lasisi ake tafiya. Akasarin baƙi yini ɗaya suke yi su dawo, domin babu manyan otel-otel a tsibirin. Rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ya fi sauƙin tafiya. Mai son ganin wel kuwa sai ya jure ruwan sama. Hoton da ka gani mai ruwa garai-garai, ina kyautata zaton na wani ɗan tsibiri ne da ake kira Granito de Oro, ma'ana ƙwayar zinariya, inda aka fi kai baƙi ninƙaya.

Damuwata guda biyu ce. Ta farko, da aka cire gandirobobi an cire tsoro, kuma 'yan ma'aikatan gandun da jiragensu ba su kai su tsare ruwa mai wannan faɗi ba. Masu kamun kifi da mamari da manyan taru suna kutsawa, masu fataucin ƙwaya ma suna bin wannan gaɓa zuwa arewa. Ta biyu ita ce tarihin mutanen. Jirage da yawa suna wucewa kai tsaye zuwa wurin nutso ba tare da sun tsaya a tsohon babban sansanin da ke mashigin Damas ba. Can ne ɗakunan kurkukun suke, rufinsu ya rufta, ƙarafan sun yi tsatsa, saiwoyi sun tsattsaga bango. In Allah Ya kai ka, ka ce wa mai jirgin ya biya da kai ta can tukuna, kafin ka shiga ruwa.