Ba laifin manhajar kyauta ba ne

Ka tambaye ni, yarona, ko don da manhajar kyauta kake aiki shi ya sa kiɗanka ya fito a sandare, ba ya sa mutum ko gyaɗa kai, har kana shawarar nemo FL Studio, manhajar haɗa kiɗa ta kuɗi, irin wanda ake turawa a filashi ba a biya ba. Kada ka nemo. Haƙƙin mutane ne, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, ta cinye maka aikin da ka tara. Na saurari abin da ka haɗa da kyau, matsalar ba a nan take ba.

Hydrogen da Audacity sun ishe ka a yanzu, dukansu kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsu. Hydrogen na jera bugun ganguna ne, Audacity na ɗaukar sauti da yanke shi. Ranar da ka tashi ƙara fiyano da bas, LMMS na nan, shi ma ba a biyan ko sisi.

Abu na farko da ya kashe maka kiɗa shi ne rabon gidaje, wato ƙananan akwatunan da ake jera bugu a cikinsu. Ka raba zagaye ɗaya gida 16, kowane taku gida huɗu. Wannan ya dace da hip-hop da makamantansa. To amma kai kiɗan biki kake nema, wanda mata za su shiga fili, kuma da yawa daga kiɗanmu na gargajiya uku-uku yake tafiya. A Hydrogen, je wurin zaɓen rabo ka ɗauki 8T, zagayen zai koma gida 12. Sa saurin a wajen taku 105 a minti ɗaya. Ɗora babbar ganga a gida na 1, 4, 7 da 10, wannan shi ne takun ƙafa. Sai ka kawo ƙaramin bugu mai kaifi, irin na kuntuku, ka ajiye a 1, 5 da 9. Kunna ka ji. Ɗaya yana ƙirga huɗu, ɗayan yana ƙirga uku, ba sa haɗuwa sai a farkon zagaye, kuma wannan ja-in-jar tasu ita ce ke motsa kafaɗa. Kada ka yi gaggawar cika sauran gidajen. Ku yaran yanzu kuna tsoron gurbi, alhali a nan mawaƙi yake samun wurin ajiye baitinsa.

Na biyu, duk bugunka ƙarfinsu ɗaya, kamar injin niƙa. Babu makaɗin da hannunsa ke sauka iri ɗaya sau biyu a jere. Duba ƙasan allon jerin, za ka ga sanduna a tsaye, kowacce tana nuna ƙarfin bugu ɗaya. Bar na farkon taku da tsayinsa, ka rage na tsakiya zuwa rabi ko ƙasa da haka, wasu ma su zama da ƙyar ake jin su. Akwai maɓallan da ke ɗan karkatar da lokaci da ƙarfi da kansu, amma kaɗan ake murɗa su. In ya yi yawa sai kiɗan ya yi kamar na ɗan koyo. Ni na fi son ka gyara da hannunka, bugu bayan bugu, don a nan kunnenka zai buɗe.

Sai maganar kalangu, wadda ta fi damuna. Wannan da ka sa ba kalangu ba ne, gangar Turawa ce ka ɗaga mata murya. Kalangu a hammata yake, makaɗi ya matse tsirkiya murya ta hau, ya saki ta sauka, shi ya sa yake iya faɗin take da kirari, yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Ka saurari makaɗan marigayi Mamman Shata, ka ji yadda kalangai suke amsa masa. Bugu ɗaya da aka daskarar a kwamfuta ba zai yi wannan ba.

Don haka nemo makaɗi na gaske, ko a wurin mahauta ko masu kiɗan biki, ka biya shi haƙƙinsa, ka kuma gaya masa abin da za ka yi da sautin. Ku shiga ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, a yi nesa da janareta. Ya buga maka a sake, a tsaka-tsaki, da a matse, kowanne da ƙarfi da kuma a hankali. Yanke su a Audacity daidai bakin bugun, don in ka bar ɗan shiru a gaba, kiɗan zai riƙa makara. Loda su cikin Hydrogen, kowace murya da layinta. Wannan ya isa riƙe gindin kiɗa. Amma inda kalangu zai yi magana, kada ka jera shi a gidaje. Fitar da kiɗanka a fayil ɗin sauti na WAV, sa wa makaɗin abin ji a kunne, ya bi shi da hannunsa, kai kuma kana ɗauka.

Yau dai fara da gida 12 ɗin nan, ganguna biyu kawai, ba fiyano ba komai. Gobe in Allah ya kai mu ka kawo mu saurara kafin mawaƙa su fara zuwa.