Gonar nan ba ta kai kar ɗaya ba

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an yi maka tallan wata gona mai kusurwa uku a wajen Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru, kun ja dekamita, wato tef ɗin awo, a gefunanta kun samu mita 65, mita 70 da mita 75. Mai gonar ya ninka 70 da 75, ya raba biyu, ya samu 2,625, ya ce ai ta ma wuce kar ɗaya, wato rubu'in hekta, don haka kuɗin kar cikakke yake nema. Kana so ka san ko haka lissafin yake.

Ba haka yake ba, amma kada ka yi saurin kiran bawan Allah macuci. Na daɗe ina taya manoman auduga awon gonaki a ƙauyukan Garwa, kuma abin da ya yi shi yawancin mutane suke yi da zuciya ɗaya. Sun riƙe abin da aka koya musu a makaranta, wato gindi sau tsayi a raba biyu. Inda ake zamewa wurin tsayin ne. Gefen nan mai mita 75 a karkace yake, ba shi ne tsayin gonar ba. Ka dubi tsani da aka jingina da bango: tsanin ya fi nisan da ke tsakanin ƙasa da inda kansa ya taɓa. Tsayin alwatika shi ne layin da ya taso daga kusurwar sama ya sauko kan gindi a miƙe sak, bai karkata dama ko hagu ba.

Ga yadda nake nemo shi a gona. Ku ɗauki gefen mita 70 a matsayin gindi, ku kafa turaku biyu, ku ja igiya ta miƙe sosai. Yaro ɗaya ya riƙe bakin dekamita a kusurwa ta uku, kai kuma ka riƙe ɗaya bakin kana tafiya a hankali bisa igiyar gindin. Za ka ga lambar tana raguwa, tana raguwa, sai ta soma ƙaruwa. Wurin da ta fi ƙanƙanta, nan ne tsayin ya sauka. Idan awonku na farko daidai ne, za ka samu mita 60, a daidai mita 25 daga turken da gefen 65 ya taso. In kana son ƙarin tabbaci, yi dabarar magina: auna mita 3 bisa gindin, mita 4 bisa layin tsayin, to tsakanin alamun biyu dole ya ba da mita 5 cif.

Saura lissafi: 70 sau 60 ya ba da 4,200, rabinsa 2,100. Murabba'in mita 2,100 ke nan. Kar kuwa rubu'in hekta ne, mita 50 sau 50, wato 2,500. Akwai giɓin murabba'in mita 400 tsakanin gonar da kar cikakke. A ce kun yi ciniki kan sefa dubu 100 kowane kar, haƙƙin wannan gonar dubu 84 ne.

Idan tsakiyar gonar ba ta shiguwa, ko dawa ta riga ta yi tsayi ko ruwa ya kwanta, akwai hanyar da gefuna ukun kawai take buƙata. Ana danganta ta ga Heron, wani masani da ya rayu a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na farko miladiyya. Tara gefunan: 210. Rabinsu 105. Cire kowane gefe daga 105, ka samu 40, 35 da 30. Ninka 105 da 40 da 35 da 30, ya zama 4,410,000. Sai ka buɗe kalkuletar wayarka ka danna alamar √, za ta nemo maka lambar da in an ninka ta da kanta take ba da wannan adadin. Amsa 2,100 ce, daidai da ta farko. Ni dai a gaban dattawa na fi son hanyar igiya, don kowa yana gani da idonsa. Lambar da ta fito daga waya kuwa, wani zai ce kai ka shirya abinka.

Abu ɗaya da ban gani a tambayarka ba: shin gefunan a miƙe suke? Gonakinmu da yawa suna iyaka da mayo, wato rafi, ko hanyar shanu, gefen ya yi ciki ko ya yi doro. In haka ne, 2,100 ɗin kusa-kusa ce kawai. Sai ka kafa ƙarin turke a kowace lanƙwasa, ka yanka gonar zuwa ƙananan alwatika, ka auna kowace ita kaɗai, sannan ka tara.

Ranar da za ku sake awon, mai gonar ya riƙe bakin dekamitar da hannunsa, jauro, wato mai gari, da maƙwabtan iyaka su tsaya a wurin, a rubuta tsawon gefuna ukun a takardar ciniki, ba kalmar "kar ɗaya" kawai ba. Ko bashin taki za ka karɓa nan gaba, da faɗin gona ake lissafa shi. In kuwa takardar mallaka ta gwamnati kake nufi, awonmu na igiya ba ya wadatarwa, sai mai awo na ofishin kadastar, wato ofishin awon filaye, ya zo ya kafa duwatsun iyaka.