Ciwon da korona ta bari: ciyarwa zan yi ko ramuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kamu da korona a ƙarshen 2021, na tashi, amma har yau jikina bai koma daidai ba. Ɗan benen shagonmu in na hau sai haki, ga gajiya ga mantuwa. Azumin 2022 da na 2023 duk na sha. Wani malami a unguwarmu ya ce ciwon da ya wuce shekara ya zama na dindindin, in ciyar kawai, babu ramuwa. Da hunturu kuma nakan yi makonni lafiya ƙalau. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Shan azumin da ka yi babu laifi, ba a yi saɓani a kai ba. Amsarka kuwa kai da kanka ka faɗe ta: da hunturu kakan yi makonni lafiya. Mai samun irin wannan sarari ba ya cikin waɗanda aka fid da rai da warkewarsu. Ramuwa ce a kanka.

Maganar shekara guda ba ta da tushe. Ayar Baƙara cewa ta yi mara lafiya ya rama a wasu kwanaki, ba ta yanka wa jinya wa'adi ba. A mazhabar Imamu Malik, ko wanda ya haukace shekaru masu yawa, in ya farfaɗo sai ya rama azuminsa. To ina ga wanda ke zuwa kasuwa da ƙafarsa? Sannan ciyarwar tsoho tukuf da mai ciwon da ba ya tashi, a wurinmu mustahabbi ce, ba kuɗin fansa ba ne da mai hali zai biya ya huta. Likitoci ma ba su yanke cewa ciwon da ya wuce shekara ya zama na dindindin ba. Bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Oktoban 2021 ya ce alamomin kan bayyana wajen wata 3 da kamuwa, su ɗauki aƙalla wata 2, suna lafawa suna dawowa. Da yawa kuma suna murmurewa a hankali. Mai yiwuwa malamin tausayinka ya ji, amma tausayi ba ya sauke farilla.

Ka rama da sanyi, ɗaya-ɗaya, ba dole ka jera ba. Azumin da ka sha a tsakiyar bazara ya faɗo, Maris da Afrilu. Ranar hunturu daban ce. Ka yi ɗaya ka saurari jikinka kwana biyu, don wannan ciwo sau da yawa sai washegari yake karɓar bashinsa. Ranar da ka ji jiri ko ƙirji ya ɗaure, ka sha, kada kunyar 'yan kasuwa ta hana ka.

Mudu na jinkiri, wato ciyarwar da ake yi in wani azumin ya zagayo ba a rama ba, yana kan mai sakaci ne: wanda ya samu lafiya a ƙarshen Sha'aban gwargwadon kwanakin da ake binsa, bai rama ba. In haka ta faru, mudu ɗaya a kowace rana tare da ramuwar, kuma mudun Annabi ake nufi, cikin tafi biyu, ba na 'yan hatsi ba.

Abin da ya fi damuna, ban ji ka ambaci asibiti ba. Ba kowane haki ne na korona ba. Ka je a duba jininka, da suga, da hawan jini, da tarin fuka, ka daina dogaro da kemis. In likita amintacce ya tabbatar azumi zai ci gaba da cutar da kai ko da sanyi, ka dawo mu sake zama.

Wallahu a'alam.