Tseren keken da ke rufe kakar wasa a Italiya

Malam, ka tambaya wane tsere ne ake yi a watan Oktoba, kuma yaushe ya samo asali. Sunansa a yau Il Lombardia, a arewacin Italiya. An fara shi a 1905, Giovanni Gerbi ya lashe na farko. Wancan lokacin daga Milan ake tashi a dawo Milan, sai a 1907 aka raɗa masa suna Giro di Lombardia. Yaƙin Duniya na Biyu ya hana a yi shi a 1943 da 1944.

Turawa na yi masa kirari da tseren faɗuwar ganye, don lokacin bishiyoyi ke kakkaɓe ganyensu. Abin da ya fi burge ni shi ne hawan tudun Madonna del Ghisallo, kusa da tafkin Como. A samansa akwai ɗan ƙaramin coci cike da kekuna da rigunan tsofaffin zakaru.

Fausto Coppi ya ci sau biyar, daga 1946 zuwa 1949 a jere, ya ƙara a 1954. Yanzu kuwa Tadej Pogačar na Sloveniya ya hana kowa sakat tun 2021.