Lamba 127 ta yarda, 128 ta ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, wata shida ke nan ina koyon Java, harshen rubuta manhaja. An ba mu aiki mu rubuta ƙaramar manhaja ta rajistar littattafan laburare, kowane littafi da lambarsa. Na ajiye lambobin a matsayin `Integer`, ina amfani da `==` in duba ko littafin da aka dawo da shi shi ne wanda aka ara. Da na gwada da littattafai 20, komai lafiya lau. Da malaminmu ya zuba nasa bayanan, littattafai 300, sai manhajar ta fara cewa littafi mai lamba 200 ba shi ne mai lamba 200 ba. Na bi ɗaya bayan ɗaya, na ga daga 128 abin yake lalacewa. Wani ɗan ajinmu ya leƙa, ya ce "boksin ne", ya wuce abinsa. Malam, me ya haɗa dambe da laburare? Ko kwamfutar tawa ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Ɗan ajin naki ma gaskiya ya faɗa, rowar bayani kawai ya yi miki. Boksin ɗin nan ba na dunƙule hannu ba ne, daga kalmar akwati ta Turanci ya samo asali: a ɗauki lamba a sa ta a akwati. Ciro ta kuma shi ne anboksin. Kafin komai sai na yaba miki, domin da yawa da sun ga haka sai su kashe kwamfuta su kunna, ke kuwa kin zauna kin bi sawu har kin gano iyakar tana kan 128. Rabin aikin ke nan.

A Java abubuwan da muke ajiyewa kashi biyu ne. Akwai nau'o'i takwas na asali, wato `byte`, `short`, `int`, `long`, `float`, `double`, `char` da `boolean`. Idan kika rubuta `int a = 200`, lambar kanta ce take zaune a gurbin da kika kira `a`, bayit huɗu, ba ƙari. Duk abin da ba ya cikin takwas ɗin nan kuwa, gurbinsa ba ya riƙe abin, adireshinsa yake riƙewa. Abin yana can wani sashe na ma'adanar kwamfuta da ake kira hif, gurbin naki yana nuna shi da yatsa ne kawai. `Integer` mai babban baƙi yana cikin wannan kashi na biyu. Akwati ne da aka ƙera a hif, aka sa lamba ɗaya a ciki, aka miƙo miki adireshinsa.

To me ya sa ake wahalar ƙera akwati don lamba ɗaya? Saboda `ArrayList` da `HashMap` da danginsu, wato ma'ajiyoyin da Java ta tanada don tara abubuwa da yawa wuri ɗaya, ba su san komai ba sai adireshi. Ba za su karɓi lamba tsirara ba. Kafin shekarar 2004, mai rubuta Java da hannunsa yake sa lamba a akwati, da hannunsa yake ciro ta, yana tsaki. Da Java 5 ta fito a wannan shekarar sai kamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutunmu zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar, ta ɗauke mana aikin. Kika rubuta `Integer a = 200`, ita kuma a ɓoye ta mayar da shi `Integer.valueOf(200)`. Rubutu ya yi sauƙi, amma akwatin yana nan, ganinsa ne kawai muka daina.

Ga inda ƙafarki ta zame. Alamar `==` tana kwatanta abin da ke cikin gurbi biyu ne. In `int` ne, lamba da lamba take dubawa. In `Integer` ne, adireshi da adireshi. Ke kina tambaya, "Lambar da ke cikin akwatin nan daidai take da ta wancan?" Java kuma ta ji, "Akwatin nan da wancan, akwati ɗaya ne?" Littafi mai lamba 200 ya samu akwati ranar da aka are shi, ya samu wani sabo ranar da aka dawo da shi. Akwati biyu, adireshi biyu, sai amsa ta zo a'a. Ba ƙarya ta yi miki ba, tambayar da ba ki yi niyya ba ta amsa.

Saura 127, wadda ita ce ta yaudare ki. Masu Java sun lura cewa ƙananan lambobi su aka fi amfani da su, don haka tun da farko ake ƙera akwatuna 256, daga -128 zuwa 127, a jera su a ajiye. Duk lokacin da aka nemi a sa 20 a akwati, `valueOf` ba ta ƙera sabo, wancan na ajiye take miƙowa. Kowa ya nemi 20, adireshi ɗaya zai samu, shi ya sa `==` ta yi ta ce miki e. Ƙa'idar harshen ce ta wajabta haka a wannan tsakanin. Daga 128 babu wannan alkawari. Wato manhajarki tun ranar farko take da kuskuren, littattafai 20 ne suka rufa mata asiri.

Gyaran layi ɗaya ne: `a.equals(b)` a maimakon `a == b`, ita tana buɗe akwatunan ta duba ciki. Amma in ni ne, zan tambayi kaina me ya sa lambar littafi ta zama `Integer` tun farko. Kowane littafi dole yana da lamba, babu wanda zai zauna babu ita, saboda haka `int` ta wadatar. Wani zai iya gaya miki akwai saitin da ake ɗaga iyakar 127 ɗin zuwa sama. Akwai, amma kada ki taɓa shi don wannan. Ɗaga iyaka tura kuskuren gaba ne, ya jira ki a wata lamba.

Tunda aikin laburare ne, bari in nuna miki ramuka biyu da ke gabanki, don na tabbata za ki bi ta kansu. Na farko, a ce kina ƙidaya sau nawa aka ari kowane littafi a cikin `HashMap`, sai kika rubuta `int sau = aro.get(lamba)`. Littafin da ba a taɓa ara ba, `get` za ta dawo da `null`, wato babu akwatin ma sam. Kamfaila kuwa ta riga ta saka umarnin a buɗe akwati a wannan layin. A buɗe abin da babu? Sai manhajar ta tsaya da kuskuren `NullPointerException`, a layin da ke da idonki ba ki ga wani abin da zai fashe ba. `getOrDefault` da sifili tana maganin wannan. Na biyu ya fi mugunta domin shi ba ya ihu. In kina da jerin lambobin littattafai kika rubuta `jeri.remove(5)` da nufin cire littafi mai lamba 5, Java za ta cire abin da ke matsayi na 5 ne a jerin (daga sifili ake fara ƙirgen), ko lambarsa 80 ce. Akwai `remove` biyu, mai karɓar matsayi da mai karɓar akwati, kuma lamba tsirara ta farkon take tafiya. Sai kin rubuta `jeri.remove(Integer.valueOf(5))`.

Akwai kuma batun nauyi. A irin na'urorin yau masu bit 64, akwatin `Integer` ɗaya yakan ci bayit 16, ga adireshinsa bayit huɗu a gefe. Lambobi miliyan ɗaya a `int[]` kusan megabayit huɗu ne, jere reras. A `ArrayList` kuwa sun doshi megabayit 20, a warwatse, sai an bi adireshi kafin a kai ga kowace. Ni kaina na sha wannan. Wata shekara a wurin aiki na rubuta abin da zai tara jimlar wasu miliyoyin layuka, yatsana ya danna babban baƙi, na rubuta `Long jimla` a maimakon `long jimla`. Amsa tana fitowa daidai, shi ya sa ban zargi komai ba. Amma akwatin nan ba a canza abin da ke cikinsa, don haka a kowane zagaye sai an ciro jimlar, a ƙara, a ƙera sabon akwati, a yar da tsohon, mai kwashe shara na Java yana biye yana ta fama. Na yi yini guda ina zargin rumbun bayanai. Wani abokin aiki ya tsaya a bayana da kofi a hannu, ya sa yatsa a kan allo ya ce, "Wannan L ɗin fa?" Na mayar da ita ƙarama, aikin ya riƙa gamawa kafin in gyara zama.

Kada wannan ya sa ki tsorata da `Integer`. Littattafai 300 ba za su gajiyar da kowace kwamfuta ba, kuma jerin lambobi a `ArrayList` ba laifi ba ne. Abin da na fi jin haushi a tsarin shi ne barin `==` ta yi aiki shiru a kan akwatuna biyu. In gefe ɗaya `int` ne ɗayan `Integer`, sai ta buɗe akwatin ta kwatanta lambobi, ta ba da amsa daidai. In duka biyun akwati ne, sai ta koma adireshi. Alama ɗaya, hali biyu, kuma kamfaila ba ta ko gyaran murya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da harshen C# nake rubuta manhaja. Ina da layin `(int)umarni.ExecuteScalar()` da yake ƙidaya layukan tebur, ya daɗe yana aiki da rumbun bayanai na SQL Server. Na koma rumbun SQLite, sai ga kuskuren `InvalidCastException`, alhali ƙidayar 42 ce kacal. Ai 42 ta shiga `int`, ko?

Amsa: Ta shiga har da sauran wuri, ɗan'uwa, amma ba girman lambar ake dubawa ba. `ExecuteScalar` tana dawo da `object` ne, wato lambarka a akwati take zuwa, kuma a C# kowane akwati da tambarin nau'in da aka sa a ciki. SQL Server yana ba da ƙidaya a matsayin `int`, SQLite kuwa `long` yake bayarwa. Wurin ciro abu daga akwati, dole ka ambaci ainihin nau'in da ke kan tambarin. Ka ce `int` a kan akwatin `long`, sai a ƙi. Abin da ke rikita mutane shi ne rubutun `(int)` aiki biyu yake yi da kama ɗaya: a kan `long` tsirara yana sauya nau'i, a kan `object` yana buɗe akwati ne kawai, ba ya haɗa biyun a numfashi ɗaya.

Don haka ko ka rubuta `(int)(long)`, a buɗe sannan a sauya, ko ka yi amfani da `Convert.ToInt32`. Na fi son na biyun. Bai damu da wane rumbun bayanai ka koma ba, kuma in lambar ta fi ƙarfin `int` zai tsaya ya yi ƙara, ba kamar na farkon ba da zai gutsure ta ya ba ka ragowar ba tare da ya ce uffan ba.

Ku 'yan C# kun fi 'yan Java hutawa a nan. Tun 2005, da sigar harshen ta biyu, `List<int>` tana riƙe lambobi tsirara babu akwati, abin da Java har yau ba ta yarda a rubuta ba. Amma ku ba ku da akwatunan ajiye na -128 zuwa 127: sa 5 a `object` biyu ka kwatanta da `==`, a'a za ka samu tun daga nan. Ka kuma kula da abu ɗaya game da `Convert.ToInt32`. In tambayarka ba ta dawo da layi ko ɗaya ba, `ExecuteScalar` za ta ba da `null`, shi kuma zai mayar da ita sifili shiru. Ga ƙidaya babu damuwa, domin ita kullum tana dawo da layi. Amma in ka kwafi layin nan ka kai inda kake neman lambar wani abu, ka duba `null` da kanka tukuna.